Ranar da Baba Ya Ba Kek Ruwa

Babana mai filasta ne, shafen bango, shi ne aikinsa tun kafin a haifi Yayana balle ni da nake auta, kuma in kuka shiga gidan mutane da shi sai kun ji kunya, don kafin a gama gaisawa tafin hannunsa na kan bangonsu yana shafawa, ana ce masa ya iyali yana cewa lafiya lau amma wa ya yi muku wannan aikin. Har a ofishin shugaban makarantarmu ya yi, ran da aka kira shi saboda na yi faɗa da wata, mutumin yana ta zuba bayani a kaina Baba kuwa ya rufe ido ɗaya yana kallon kusurwar ɗakin, da muka fito na gama sawa a raina yau na kaɗe sai ya ce min, "Auta, kin ga kwanar nan ta bayan kujerarsa? Ta karkace."

Tun yana yaro ya fara da ɗaukar kwanon siminti a ka, daga baya aka ba shi cokalin gini, kuma tun daga nan bai ajiye ba. Hannunsa kamar dutsen goge kaushi, in ya shafa min kai sai ɗankwalina ya bi shi. Kullum da fito yake fita da fito yake dawowa, tun daga bakin layi muke sanin ya iso. To sai gwiwa ta ƙi. Likita ya ce hawa tsani ya ƙare masa, in ba haka ba wata rana sai dai a sauko da shi. Ya wanke cokalinsa ya naɗe a tsumma ya tura ƙarƙashin gado, ya koma falo shi da rediyo, daga labarai sai labarai, fito kuwa ɗif kamar an ɗauke wuta. Ba ya faɗa ba ya tsawa, kawai dai yana zaune, ni kuma wannan zaman ya fi faɗa damuna.

Mama ita kuma kek take yi, na sayarwa, masu ado. Da kwano ɗaya da ƙaramin oben ta fara, a waya ta koya, yanzu kicin ɗinta kamar kantin magani, kwalaben kala a jere, da 'yan ƙananan gwangwanaye na garin ƙyalli, na zinare da na azurfa da wani mai ruwan hoda wanda ko kallonsa ka daɗe kana yi sai ta ce ka matsa. Abu biyu take lulluɓe kek da su. Akwai bota kirim, wato bota da garin sukari da ake bugawa har su yi laushi a shafa, akwai kuma fondan, shi kuma kwaɓin sukari ne da ake murzawa ya yi faɗi kamar zane a yafa wa kek ɗin a lallaɓa shi ya kwanta. Kicin ɗin nan nata ne ita kaɗai. Ni wanke-wanke nake shiga yi, Yaya kai kaya, Baba kuwa iyakarsa bakin ƙofa.

Sai ga shi Mama ta zame a banɗaki ta karye a wuyan hannun dama. A asibiti aka ɗaure mata hannun da farin abin nan mai tauri, nas ɗin tana gamawa Baba ya kai hannu ya shafa ya ce, "'Yata, ba ki gama shafen nan ba, ga tudu nan." Nas ɗin ta yi ta dariya har da riƙe ciki, Mama tana cikin ciwo tana cewa Malam don Allah ka rufa min asiri.

Muka dawo gida ga aikin mutane na jira. Gasa kek ɗin ba matsala, Mama na zaune tana faɗa ina aunawa, amma shafen ne. Yaya ya gwada ya tsaga kek ɗin gida biyu. Ni na gwada ya fito kamar suri. Mama ta gwada da hagu ta jefar da abin shafen ta juya mana baya, na san kuka take son yi. Duk wannan Baba na tsaye a bakin ƙofa, yana ɗaga ƙafa yana saukewa kamar mai jin fitsari, can ya kasa haƙuri ya ce, "Ba ni abin nan." Ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya ɗauki faifan ƙarfen da ake shafe da shi, ya jinjina shi, ya ɗora a gefen kek ɗin ya juya farantin da hagu. Zagaye ɗaya. Wallahi zagaye ɗaya, kek ɗin ya fito sumul kamar kwano, bakinsa na sama kamar an yanka da reza.

Mama ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Malam, ka ji ni da kyau. Aronka na yi. Ran da aka cire min wannan abin daga hannu ka koma falonka da rediyonka."

"Na ji, Shugaba."

"Ba wasa nake ba."

"To wa ya ce wasa ne."

Daga ran nan gidanmu ya canza. Baba ya ɗaura atamfar nan mai furanni da Mama ke ɗaurawa a gaba in tana aiki, wadda ko cikinsa ba ta rufewa, Mama na kan kujera da hannu a rataye tana ba da umarni yana cewa to Shugaba, an gama Shugaba. Komai sai ya mayar da shi gini. Sandunan da ake cusawa a kek mai hawa don kada ya rufta, ginshiƙi yake ce musu. Shafen farko da ake yi a sa a firij ya kama, wai shi ne ɗaurin bango. Ya je ya sayo sabon ƙaramin ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya wanke da sabulu, duk kek sai ya ɗora masa ya ga ɗigon ya tsaya a tsakiya kafin ya yarda. Mama ta sa masa Injiniya. Fondan ne ya ba shi wuya da farko, hannunsa mai kaushi yana barin sawu a jiki, sai Mama ta sa shi shafa mai kullum da safe da yamma kamar amarya, yana yi yana mita. Kuma fito ya dawo. Ina wanke-wanke ina jin sa a bayana yana murza fondan yana fito, sai in ji kamar in yi rawa da soso a hannu.

Garin ƙyalli kuwa shi ne mutuminsa. In an gama komai aka zo wajen sa shi da ɗan buroshi, har harshe yake fitarwa. Wata rana ya buɗe gwangwanin zinare atishawa ta kama shi, gemunsa duk ya ɗauka bai sani ba, a haka ya buɗe wa amininsa Kafinta ƙofa, ga atamfa mai furanni ga gemu na walƙiya. Kafinta ya ja da baya ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Sannu ango. Ko amaryar ce, na kasa ganewa."

"Shigo ka daina tara min jama'a."

"Mu muna can muna cewa bawan Allah yana jinya, ashe nan ana ta kwalliya."

"Kai da ka shekara kana yi wa mutane ƙofar da ba ta rufuwa, yi min shiru."

Baba ya tura masa kwanon guntayen da ake yankewa a saman kek, Kafinta ya ci ya ci ya lashe yatsa ya ce shi dai bakinsa alekum, ba wanda zai ji, kuma kafin yamma duk layinmu an ji.

Amma fa ba komai ne ya yi wa Mama daɗi ba. Baba ba ya iya ganin abu a karkace ya bar shi. Wata rana tana barci ya sauke mata kantar da take jera kwalabe gaba ɗaya wai ta sunkuya ta gefe ɗaya, ya gyara ya mayar da kwalaben bisa tsayi, dogo da dogo gajere da gajere, ta tashi ta nemi kalar ja ta rasa. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, "Malam, ɗakin nan cokali cokali na haɗa shi. Duk gidan nan shi kaɗai ne nawa." Baba ya ce ta yi haƙuri, amma na ga maganar ta shige shi. Kuma da lokacin cire ɗaurin ya matso sai na lura ya daina tambayarta ya hannun. Rannan muna mu biyu yana goge faranti ya ce min ƙasa ƙasa, "Auta, kina ganin in babban kek ɗin nan ya yi kyau sosai Mamanki za ta bar ni?" Na ce ban sani ba Baba, don gaskiya ban sani ba.

Babban kek ɗin na nas ɗin nan ce da ta ɗaure hannun Mama. Shugabarsu ce za ta ajiye aiki za su yi mata walima, ta ce hawa uku take so, fari tas, sumul da fondan, da zobe na zinare a gindin kowane hawa. Kuma ranar walimar ita ce ranar cire ɗaurin. Baba ya zuba duk abin da ya iya a kek ɗin nan, tun jajibiri aka gama lulluɓe shi aka jera aka ja zoben zinaren, rubutu kawai ya rage, Mama ta ce wannan da hannunta za ta yi in ta dawo. Da safe ita da Yaya suka tafi asibiti.

To ga abin da ban faɗa muku ba. Sabon shafen siminti kullum da safe ana yayyafa masa ruwa don kada ya tsage, bayi ake ce masa kamar na shuka, kuma Baba ya yi wannan fiye da yadda ya ci abinci a rayuwarsa. Ina wanke kofuna na ba shi baya, na ji ya ce, "Af, ya fara tsagewa ta baki," sai kuma na ji fat, fat, fat. Na juya. Kwano a hagunsa, yana tsoma yatsun dama yana watsawa, yana zagaya teburin hankalinsa kwance har da fito.

"Baba me kake yi."

"Ruwa nake ba shi, kin ga ya bushe ya fara..."

Bai ƙarasa ba. Ya kalli hannunsa, ya kalli kwanon, ya kalli kek ɗin. Sukari ne fa. Duk inda ɗigo ya sauka sai wajen ya yi ƙyalli ya lotsa, ruwan ya fara gangarowa yana jan layi, ya iso zoben zinaren ya kwaso shi, hawa biyu na sama suka koma kamar fuskar wadda ta yi kuka da kwalliya. Na ƙasan ne kawai ya tsira don bai kai gare shi ba. Ya ɗauko tsumma na ce Baba kar ka, ya riga ya dangwala, tsumman ya manne ya taso da fata. Muka kunna fanka muka kafa masa, ya ƙara yin danƙo. Baba ya ja kujerar Mama ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa ya ce, "Shi ke nan. Na kori kaina da hannuna."

Na ce mu ce ni ce, ai ni an saba. Ya ce a'a. Na ce to ga furannin sukari na Mama a kwali mu manna mu rufe wajen. Ya girgiza kai ya ce bangon da ya jiƙe in ka rufe shi da fenti sai ya bari mutane sun taru sannan ya tona maka asiri, kankare shi ake yi. Yana faɗin haka sai na ga ya miƙe. Ya ce fondan nawa ya rage, na nuna masa, bai fi ƙwai ba. Ya ce bota fa, na ce akwai. Ya ce kunna injin.

Muka sauke hawa biyun, ya ɓare jiƙaƙƙen fondan ɗin a hankali kamar mai cire wa jariri riga, ni ina buga bota kirim injin na ƙara ina leƙen taga. Ya yi shafe ya sa a firij, muka tsaya muna kallon firij kamar zai yi magana, ya fito da su ya ƙara wani shafen mai kauri. Na zaci zai goge ya yi sumul, sai ya ɗauki 'yar ƙaramar wuƙar shafe ya fara dannawa yana ɗagawa, dannawa yana ɗagawa, sawu kan sawu kamar ɓawon kifi, ya ce irin adon da yake yi wa katangar manyan gidaje ne, sawun cokali. Da suka sake yin sanyi ya mayar da su kan na ƙasan, ya dama garin zinare da ruwan lemon da Mama ke dama shi da shi, ya ce in kawo sabon buroshin haƙori daga leda, ya tsoma ya riƙa jan gashin da babban yatsa yana fesawa, wai haka suke fesa wa bango tsakuwa. Zinaren ya sauka a bakin kowane sawu, in ka zagaya sai ya bi ka da ido. Ni ma na samu rabona a goshi da hanci.

Muna cikin share tebur muka ji ƙofa. Mama ta shigo tana ɗaga hannu sama tana juya shi, ya rame ya yi fari yana saɓa, tana cewa ku ga hannuna ku ga hannuna, sai idonta ya sauka kan kek ɗin. Ta zagaya teburin. Ta sake zagayawa. Ta leƙa kwandon shara.

"Injiniya, ina fondan ɗina?"

"Yana nan inda kika gani."

"Me ya same shi?"

"Ruwa na ba shi."

"Ka ba shi me?"

"Ruwa. Na ga ya tsage."

Yaya ne ya fara, ya toshe baki ya fita da gudu muka ji shi a tsakar gida yana shiɗewa. Mama ta yi ƙoƙari wallahi, ta cije leɓe ta kalli silin, amma ina, ta fashe har ta jingina da firij tana share hawaye da sabon hannun tana cewa ya yi wa kek bayi, jama'a mijina ya yi wa kek bayi. Baba bai yi dariya ba, yana tsaye yana murza bakin atamfa.

Da ta nutsu ta ɗauki hoto ta tura wa nas ɗin ta kira ta ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Nas ɗin ta ce gaskiya ba shi ta ce ba, sai kuma ta ce wai mai cewa ban iya shafe ba ne ya yi, Mama ta ce shi ne, ta ce to a kawo, in shugabar ba ta so ita za ta cinye. Mama ta ɗauki ledar da ake matsa rubutu da ita ta fara, ta tsaya ta huta ta ci gaba, Baba na juya mata farantin kaɗan kaɗan. Yaya ya kai. Da yamma nas ta aiko cewa shugabar ta hana a yanka na saman, da shi ta tafi gida.

Na ce a raina an gama, Baba ya ci. Sai Mama ta ce, "Kek ya yi kyau, Malam, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma magana magana ce." Baba ya ce haka ne. Ya kwance atamfar ya ninke ta ya ajiye a kan kujera ya fita. Na ji haushin Mama ranar, ko abinci ban ci da yawa ba.

Kwanakin farko Mama kamar an sako ta daga kurkuku, ta mayar da kwalabenta yadda suke da, tana waƙa tana aiki, kuma hannun ya warware har ya fi da. Baba na falo. Ya gaishe ta ta gaishe shi, ba faɗa ba komai, ya tambaye ni me ake yi yau in ce na ranar haihuwar wani yaro ne mai shuɗi, ya ce to madalla. Sai waƙar Mama ta fara raguwa. Tana aiki sai ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu ta juya, ta ga ni ce kawai da soso, ta rufe. Wata rana da la'asar tana shafa wani kek, kuma lafiya lau yake tafiya ba abin da ya same shi, sai ta ce in je in ce wa Babana ya rage rediyon nan ya cika mata kunne. Na je na dawo na ce Mama rediyon a kashe yake.

Ta ajiye faifan. Ta goge hannu ta nufi falo, ni kuma ina biye da ita da kumfa har gwiwar hannu don ba za a yi ba ni ba.

"Malam."

"Na'am."

"Ba don hannuna ba ne, ka gan shi ya warke, kada ka je kana faɗa wa Kafinta wai na kasa."

"Ni na isa."

"Kicin ɗin ne ya yi min shiru." Ta gyara ɗankwali. "Shafe naka, feshin zinaren nan naka. Fondan da fure da rubutu nawa. Kantata ko ta faɗo a kanka ba ruwanka. Famfo kuwa ko kusa da shi kar in gan ka."

"In na ji ƙishirwa fa?"

"Ka fita waje ka sha ka shanya hannunka ka dawo."

Baba ya miƙe da saurin da gwiwarsa ta yi ƙara har ni na ji, ya riga mu isa kicin, kafin mu shigo ya ɗaure atamfa a baibai ya ɗauki faifan. Ya lakaci bota kirim ɗin ya duba ya jujjuya shi ya ce, "Shugaba, wannan ya ɗan yi tauri, da za a ɗan ɗiga masa..."

Mama ta kalle shi.

"Madara zan ce," in ji Baba.